Kufan Wharram Percy: abin da ƙasa ta riƙe bayan mutane sun tashi

Wanda ya taso a karkara ya san kufai tun kafin a gaya masa. Kana tafe cikin daji sai ka ga kukoki sun taru wuri guda, ƙasar wurin ta yi baƙi fiye da ta kewaye, tsingaro ya cika kunyoyi, ga kuma wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Ba sai an kira malami ya ce maka nan an taɓa zama ba. A Ingila ma akwai kufai. Masana sun lissafta kimanin 3,000 na ƙauyukan da suke raye shekaru 600 ko 700 da suka wuce, yau kuma babu su. Sai dai can babu kuka, kuma ruwan sama ba ya barin ƙasa tsirara har tsingaro ya fito. Ciyawa ce ta lulluɓe komai, saboda haka alamar da ta rage ita ce tudu-tudu da kwari-kwari, irin waɗanda ba ka ganinsu sosai sai rana ta yi ƙasa inuwa ta miƙe.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Wharram Percy, a yankin Yorkshire, arewa maso gabashin birnin York, kusa da garin Malton. Mota ba ta kaiwa wurin. Sai ka ajiye ta a kan tudu, ka gangara da ƙafa tafiyar kilomita ɗaya da 'yan kai, ka tsallaka wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina bi tun 1958. A gindin kwarin za ka tarar da kangon coci marar rufi, rabin hasumiyarsa ya zube, da ɗan tabki a bayansa. Idan ka hau gefen kwarin ta yamma, nan ne garin yake. Za ka ga wata doguwar hanya da ta nutse ƙasa kamar burtalin da shanu suka daɗe suna bi, gefenta kuma ga shatin ɗakuna masu kusurwa huɗu, tsayin abin da ya rage na bangonsu bai kai gwiwa ba, wasu har gurbin ƙofa ana ganewa. Bayan kowane gida akwai dogon fili da aka kewaye, wato gayaunar bayan gida.

Kafin a ci gaba, ya kamata a san abin da ake nufi da gundumar coci, domin a kanta labarin ya rataya. A tsohuwar Ingila an yanka ƙasa gaba ɗaya gunduma-gunduma, kowace da cocinta da limaminta da maƙabartarta. Duk wanda yake zaune cikin iyakar gunduma, can ake yi masa wankan shiga addini yana jariri, can ake ɗaura masa aure, can yake kai kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa, can kuma ake rufe shi. Gundumar Wharram Percy ƙauyuka biyar ta ƙunsa: Wharram Percy ɗin kansa, da Burdale, da Raisthorpe, da Towthorpe, da Thixendale. Yau Thixendale kaɗai ya rage a matsayin ƙauye. Sauran sun koma gonaki da makiyaya, da gida ɗaya ko biyu na manoma.

Mutumin da ya fara jawo hankali ga wurin shi ne Maurice Beresford, malamin tarihin tattalin arziki a Jami'ar Leeds. Ba mai tono ba ne, mutumin takardu da taswira ne. Ta hanyar kunyoyi ya shiga harkar. Garmar shanu ta wancan zamani gefe ɗaya take kifar da ƙasa, kuma kowane manomi yana da dogayen zirin gona barbaje cikin babban filin gari, ba tare da shinge ba. Shekara da shekaru yana huɗar zirinsa yana tura ƙasa tsakiya, har ta zama kunya mai faɗin taku da yawa, ba irin tamu da ake rushewa a sake kowace damina ba. Idan ka lura za ka ga kowace kunya ta ɗan karkace a ƙarshenta, domin shanu shida ko takwas da ke jan garma sai sun fara juyawa tun kafin su kai bakin gona. Beresford yana bin irin waɗannan kunyoyi a yankin Leicestershire yana kwatanta su da tsofaffin taswirori, sai ya iso wani wuri mai suna Bittesby inda kunyoyin suka tsaya cak, aka bar fili a tsakiya mai tudu-tudu. Gonaki sun kewaye wurin ta ko'ina, to ina masu gonakin suka zauna? A nan ne. Lokacin nan manyan malaman tarihi da dama ba su yarda cewa ƙauyuka masu yawa sun mutu a Ingila ba, suna ganin ƙorafin mutanen da ne kawai da aka zuzuta.

A 1948 ya je Wharram Percy, a 1950 ya fara tono da ɗalibansa. Abin da yake so ya tabbatar kaɗan ne: cewa waɗannan tudu-tudu gidaje ne, kuma ya san lokacin da aka bar su. A 1952 wani matashi masanin kufai daga Cambridge, John Hurst, ya zo ya haɗu da shi, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar binciken matattun ƙauyuka. Daga nan aikin ya ɗore har 1990. Shekara arba'in, kowane watan Yuli, 'yan sa-kai suna zuwa su yi makonni suna kankare ƙasa da cokalin gini. Rahotannin aikin sun kai kundi 13, na ƙarshe ya fito a 2012, bayan mutanen biyu duk sun rasu.

Akwai wani abu a nan da ke taɓa zuciya. Tumakin da aka kori mutane dominsu, su ne suka adana garin. Da an ci gaba da zama a wurin, da sababbin gine-gine sun haƙe tsofaffi. Da an mai da shi gonar hatsi, da garmar ƙarfe ta baje shi. Kiwo ne ya bar shi a yadda yake.

Hurst ya zo da wata dabara da aka koya wurin Axel Steensberg na ƙasar Denmak. Kafin nan, masu tono ramuka suke haƙawa sirara, su bi bango har su zagaye shi. Wannan yana yi idan ginin na sarki ne, mai kaurin bango da harsashi mai zurfi. Gidan talaka kuwa ba ya barin irin wannan. Abin da yake bari shi ne 'yan duwatsu a jere, da tabon murhu, da wurin da ƙafa ta daddaɓe. Sai aka koma buɗe fili gaba ɗaya, a ɗaye ciyawa, a riƙa sauka kaɗan-kaɗan ana zana kowane dutse a takarda kafin a ɗaga shi. Aiki ne na mai haƙuri. A gida na farko da aka buɗe haka, wanda suka sa wa lamba 10, sun tarar da gini a kan gini, kowane ya ɗan kauce wa na ƙasansa. A 1955 kuma, can ƙarƙashin gidajen manoman, suka faɗa kan ɗakin ƙasa na dutse sassaƙaƙƙe, na gidan mai ƙasa da aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 12. Babu abin da ya nuna shi a sama. An rushe shi, an haƙi dutse a wurin, sannan talakawa suka gina a kai. Tun daga ranar aka gane cewa abin da ido ke gani a ciyawa shafin ƙarshe ne kurum.

Gidajen kansu dogaye ne, mutane a gefe ɗaya, a wasu kuma shanu a ɗaya gefen, rufi ɗaya, ƙofa a tsakiya. Murhu a tsakar ɗaki yake, hayaƙi yana fita ta jinka. Matan gidan masu shara ne ƙwarai, har daɓen ɗaki ya yi kwari saboda tsintsiya, abin da ya sa masu tono ba su samu kaya da yawa a ciki ba sai a tsakar gida da juji. Can ne aka tsinci makullai da kwaɗuna, da kuɗin ƙarfe, da tsingaron tukwanen da aka sayo daga nesa, da ƙayar kifin teku, alhali tekun yana da nisan tafiyar yini.

A kan waɗannan gidaje ne aka yi kuskuren da ya fi koyar da darasi a aikin duka, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Duwatsun yankin farin dutse ne mai laushi, irin wanda ake yin alli da shi, sanyi yana farfasa shi. Da Hurst da abokansa suka ga guntayen bango iri-iri, wannan ya hau kan wancan, layinsu bai daidaita ba, sai suka yanke cewa gidan manomi ba ya wuce shekara ashirin ko talatin, kowane ɗa sai ya rushe na ubansa ya sake. Wannan magana ta shiga littattafai, aka riƙa koyar da ita shekaru, domin ta dace da abin da mutane suka riga suka ɗauka, wato talakan da a bukka yake kwana. A shekarun 1980 wani masanin kufai, Stuart Wrathmell, ya sake duba zane-zanen nan guda, bai haƙa sabon rami ba, ya ce an karanta su a baibai. Nauyin rufin ba a kan bango yake ba. Ana samun itace mai lanƙwasa a tsaga shi biyu, a tsayar da ɓangarorin su haɗa kai a sama, gindinsu a kan faffaɗan dutse, a jera irinsu uku ko huɗu. Su ne ke ɗauke da gida. Bangon kuwa kariya ce daga iska, idan wani sashe ya zube sai a gyara shi ba tare da an taɓa rufi ba. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa zai gane wannan nan take. Katangar da aka yi wa yaɓe sau goma, aka toshe tsagarta sau biyar, ba gida goma ba ce. Azarar kakanka tana nan a sama.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan gida yana kai shekara ɗari ko ɗari biyu, to kafinta ne ya yi shi, kuma an biya shi. Tuddan yankin ba su da manyan itatuwa, saboda haka sayo katakon aka yi, aka jawo shi da amalanke. Ke nan manomin nan yana da rarar da zai sayar, yana zuwa kasuwa, yana da abin da zai kulle da kwaɗo. Duwatsun ba su canja ba, idon mai kallo ne ya canja. Abin da ya ba da damar gyaran kuwa shi ne waɗancan 'yan sa-kai da suka zana kowane dutse a inda suka same shi, har wanda ba su fahimta ba.

Da aiki ya yi nisa, tambayar Beresford ta farko, wato yaushe garin ya mutu, sai ta zama mai sauƙi. Wadda ta fi wuya ita ce yaushe aka haife shi, kuma me ke wurin kafin shi. Wannan ba a amsa ta da tono wuri ɗaya. Dole a fita a karanta gundumar baki ɗaya, kuma Colin Hayfield ne ya ɗauki wannan nauyi, ya buga sakamakonsa a 1987. Hanyar ba ta da wani asiri. Bayan an yi huɗa ruwa ya wanke ƙasa, mutane su jeru su riƙa tafiya a hankali kai a sunkuye, suna tsintar tsingaro, kowane yanki da jakarsa. Inda tsingaron ya yi yawa wuri guda, an zauna a nan. Inda ya barbazu jefi-jefi cikin faɗin fili, gona ce da aka kai wa taki, domin fasasshiyar tukunya juji take zuwa, juji kuma gona yake ƙarewa. Wanda ya taɓa ganin jaki da mangala yana kai taki gona da rani ya san yadda abin yake. Da wannan kaɗai ana iya cewa ga inda mutanen wani zamani suka kwana, ga inda suka noma, ga kuma inda suka bar wa dabbobi.

Daga sama kuma akwai wata shaida. Ramin da aka haƙa cikin farin dutse shekaru 2,000 da suka wuce, ko ya cike, ƙasarsa ta fi ta kewaye zurfi da riƙe laima. Idan aka yi fari, alkamar da ke kansa takan fi tsayi, ta daɗe da kore bayan sauran ta bushe. Manomi a ƙasa ba zai ga komai ba sai ɗan bambancin launi, amma daga jirgin sama layukan suna fitowa kamar an zana da alƙalami. Haka aka ga tuddan yankin cike suke da tsofaffin hanyoyi, da shingaye a jere gefen hanya kamar matakalar tsani, na mutanen da suka zauna kafin Rumawa su iso Yorkshire wajen shekara ta 71, da kuma lokacin mulkinsu. Akwai abin da ya girme su ma nesa ba kusa ba: tarin ƙasa da aka yi a kan kaburbura tun kafin a san ƙarfe, irin waɗanda wani ɗan kasuwar hatsi na yankin, John Mortimer, ya yi ta tonawa a ƙarni na 19, ciki har da na Towthorpe.

Abin da duk wannan ya nuna shi ne, a mafi yawan tarihin wurin babu gari. Gidajen gona ne a warwatse, wannan a bakin kwari, wancan a kan tudu, iyali ɗaya ko biyu kowanne. A ƙarƙashin Wharram Percy da gefensa an samu irin waɗannan gidajen na zamanin Rumawa har guda biyar. Abin da ya riƙa jawo mutane wurin ruwa ne, domin farin dutse yana shanye ruwan sama, saman tudu ƙeƙasasshe ne, a gindin kwari ne maɓuɓɓuga take. Bayan Rumawa sun tafi a farkon ƙarni na 5, shaida takan yi ƙaranci, sannan ta dawo da ƙarfi daga ƙarni na 7 zuwa na 9: an tono maƙera da kashin ƙarfenta, da guntun gicciyen dutse na ƙarni na 8, da tsingaron tukwane daga nahiyar Turai. A Burdale ma, Jami'ar York ta tono mazauni na wannan zamani a 2006 da 2007. Daga baya mutanen arewacin Turai, waɗanda suka ci York a 866, suka bar sawunsu a sunaye: ƙarshen sunan Towthorpe da Raisthorpe kalmarsu ce ta ƙaramin ƙauye.

To yaushe aka tattara mutane, aka ja layi, aka yanka filaye daidai wa daida a jere? Domin jerin gidajen Wharram Percy bai yi kama da abin da ya tsiro da kansa ba, akwai hannun mai iko a ciki. A nan masanan da suka yi aikin ba su haɗu ba, har a kundin ƙarshe. Wasu sun ce ƙarni na 10, lokacin da aka gina cocin farko. Wasu sun ce sai bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, har zuwa ƙarni na 12. Sunan wurin dai ya fito a babban kundin ƙidayar da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Kowane ɓangare aka bi, rayuwar garin a matsayin gari ba ta wuce shekara 600 ba, a wurin da mutane suka yi dubban shekaru suna noma. Wani abin sha'awa kuma, wasu hanyoyi da iyakokin garin a kan na zamanin Rumawa suka hau. Gidaje sun yi ta ƙaura, burtali bai motsa ba.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba idan na karanta wannan. Mu ma muna da kufai masu daraja, Surame ta Kanta, da Turunku, da Kufena, kuma an yi aiki a kansu. Amma hankalinmu ga ganuwa da fada yake tafiya, ga wurin da sunan sarki ya rataya. Wharram Percy ba ta taɓa yin sarki ba, ba a yi wani yaƙi a cikinta ba, gidajenta ba su wuce arba'in ba. Darajarta ita ce an ba ta shekara arba'in ana sauraro. Kufan da ke bayan garinku, wanda ake ɗibar ƙasarsa ana buga bulo, irin wannan labarin yake ɗauke da shi: me suka ci, ina suka sayo tukunya, sau nawa suka matsa kafin su tashi gaba ɗaya. Girgam ba ya faɗin wannan, domin ba don manoma aka rubuta shi ba.

Mutuwar garin ba dare ɗaya ta zo ba. Mutane sukan ɗora wa babbar annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Ingila. Ta taɓa Wharram, kuma ta tarar da shi a raunane, bayan yunwar da ta fara a 1315 da hare-haren 'yan Sukotlan a 1322. Amma garin ya tashi, a 1368 akwai gidaje wajen talatin da hayaƙi ke fita. Abin da annobar ta yi shi ne ta juya lissafi. Mutane sun ragu, ƙwadago ya yi tsada, hatsi ya yi araha, wanda ya ga gona mafi kyau a wani wuri sai ya tafi. A gefe guda kuma saƙar ulu tana bunƙasa, gashin tumaki yana kuɗi. A farkon ƙarni na 15 ƙasar ta fita daga hannun zuriyar Percy, waɗanda garin ya ci sunansu, ta koma ga zuriyar Hilton, mazauna can kusa da Sunderland. Mai ƙasar da ba ya kwana a gari, ba ya haɗuwa da kowa a coci, lissafi kawai yake gani: makiyayi ɗaya da karensa sun fi masa manoma goma. Wajen 1500 aka fitar da iyalai huɗu aka rushe gidajensu. Mun san haka ne domin ƙorafin irin wannan kora ya yi yawa a ƙasar, har Kadinal Wolsey, babban limami kuma wazirin sarki, ya kafa kwamitin bincike a 1517, maganar ta shiga takarda. Zuwa 1527 gonakin sun zama makiyaya. Iyalai huɗun nan su ne ƙarshen zubewar da ta ɗauki fiye da shekara ɗari, amma korarsu aka yi, kada tsawon lokacin ya sa a manta da hakan.

Cocin, mai sunan Waliyyi Martin, ya rubuta wannan hawa da sauka a jikinsa. An tone shi ciki da waje daga 1962 zuwa 1974. Ƙaramin ɗakin katako ne da farko, a ƙarni na 10, sannan aka yi na dutse, aka ƙara masa baranda dama da hagu lokacin da jama'a ta yawaita. Da ta ragu aka rushe barandun, aka toshe bakunan da ke haɗa su da cocin. Idan ka tsaya a waje yau za ka ga shatin bakunan nan a jikin bango, an cike su da duwatsu.

Daga maƙabartar aka fito da ƙwarangwal 687, waɗanda masanin ƙashi Simon Mays ya yi shekaru yana nazari. A tuna, mutanen ƙauyuka biyar ne, ba na Wharram kaɗai ba. Sinadaran da ke cikin ƙashin yara sun nuna ana shayar da su har wajen wata 18, kusan yadda iyayenmu suka saba kafin yaye, kuma muddin yaro yana kan nono yana girma lafiya. Bayan yaye ne girman yake ja baya, yaran sun fi na yanzu gajarta sosai, suna kuma daɗewa kafin su gama tsayi. An ga tarin fuka a ƙashin wasu. An ga tsofaffin mata da ƙashinsu ya zaizaye kamar na matan birni na yau, duk da aikin ƙarfin da suka sha, abin da ya sa likitoci suka sake tunani a kan ciwon. Akwai kuma ƙoƙon kan wani mutum mai kimanin shekara arba'in, na wajen ƙarni na 11, da aka buga da wani abu mai nauyi har ƙashin ya lotsa. Wani ya zauna ya kankare wurin a hankali, ya cire ɓaraguzan da ke danne ƙwaƙwalwa. Bakin raunin ya warke sumul, wato mutumin ya rayu bayan aikin. A ƙauyen da ba shi da ko kasuwa aka yi wannan, ko kuma aka san inda za a kai shi.

Ba duka matattu ne suka samu maƙabarta ba. A wani rami a cikin gari, nesa da coci, an tono ƙasusuwa 137 na aƙalla mutum goma, maza da mata da yara, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Tun shekarun 1960 aka fito da su, sai a 2017 hukumar kula da kayan tarihi ta Historic England da Jami'ar Southampton suka bayyana abin da suka gani: sawun wuƙa, galibi a wuya da kai, da alamar ƙuna, da ƙasusuwan da aka karya bayan mutuwa. An yi tunanin baƙi ne aka kashe, sai haƙoransu suka nuna a yankin suka girma. An yi tunanin yunwa ce ta kai mutane ga cin nama, amma sawun wuƙar ba a wuraren da mahauci yake yanka yake ba. Bayanin da ya fi dacewa da shaidar shi ne tsoron fatalwa. Marubutan Ingila na ƙarni na 12 sun ba da labarin gawar da ake cewa tana fita daga kabari tana cutar da masu rai, maganinta kuwa a tono ta, a sare kai, a ƙone. Waɗanda suka yi wannan maƙwabta ne, wataƙila dangi, mutanen da suke zuwa cocin can ƙasan kwari kowace Lahadi. Ba limami ko magatakarda da ya rubuta abin, ramin ne kaɗai ya riƙe.

Gari ya mutu, gunduma ba ta mutu ba, domin doka ba ta san da tashinsa ba. Mutanen Thixendale sun ci gaba da hawa tudu suna gangarowa, tafiyar kilomita kusan biyar, da jariransu da amarensu da gawarwakinsu, zuwa cocin da babu kowa kewaye da shi sai limami da gidan gona ɗaya da tumaki. Haka suka yi shekara 350, har aka gina musu nasu cocin a 1870. Daga nan masu zuwa suka yi ta raguwa. An yi ibada ta ƙarshe a 1949, shekara ɗaya bayan zuwan Beresford, a watan Disamba na 1959 kuma hasumiyar ta tsage ta zube, a shekarun da masu tono suke tsakiyar aikinsu a kan tudu. Duwatsun kaburburan ƙarni na 18 da na 19 suna nan tsaye a kudancin kangon, kuma idan ka sunkuya ka karanta, sunayen ƙauyukan da aka ɗauko mamatan ne a rubuce.